Gatarin Yaƙi da Sulken da Ya Riƙa Sauya Masa Kama

Wanda ya saba da gatarin faskare, in aka miƙa masa gatarin yaƙi na gaske, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne rashin nauyinsa. Gatarin saran itace da kauri ake ƙera ruwansa, domin ya buɗa itacen ya fito ba tare da ya maƙale ba. Ruwan kan kai kilo ɗaya da rabi ko biyu, kuma wannan ba matsala ba ce, tunda kututture ba ya kaucewa, ba ya ramawa. Gatarin yaƙi kuwa mutum aka nufa da shi, mutumin da ke motsi, yana riƙe da garkuwa, shi ma ya zo da nasa makamin. In ka kai sara ka kuskure, dole gatarin ya dawo ƙarƙashin ikonka kafin abokin gaba ya sami kafa. Shi ya sa yawancin gatura na hannu ɗaya da aka tono a tsofaffin kaburburan mayaƙa ruwansu bai kai kilo ɗaya ba, wasu ma da ƙyar suke kai rabi.

Aikin gatari a kansa yake. Takobi an raba nauyinsa, galibi ya taru kusa da hannu, don haka yana da saurin juyawa: ka sara, ka soka, ka kare sara da shi. Gatari kuwa an kwashe ƙarfen duka an kai shi can ƙarshen ƙota, sannan aka tattara ƙarfin saran a kan baki wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Idan ya sauka, ko bai yanke sulke ba yana karya ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Amma wannan ƙarfi ba kyauta yake zuwa ba. Gatari ba ya kare sara da kyau, mafi yawansu ba sa suka, ƙotar kuma itace ce, tana karyewa. Mai gatari mutum ne da ya zaɓi kai hari, ya bar wa garkuwarsa ko 'yan'uwansa da ke gefe aikin tsare shi.

Sai kuma batun kuɗi, wanda shi ne ya sa gatari ya cika filayen daga. Takobi yana bukatar dogon ƙarfe mai kyau tun daga tushe har tsini, da maƙeri gwani. Gatari ɗan dunƙulen ƙarfe ne, kowane maƙerin ƙauye zai iya buga shi. Wata tsohuwar dokar mutanen Frank na yankin kogin Rhine, ta ƙarni na 7, ta yanka wa kayayyaki farashi: takobi da kubensa sulai 7 na zinariya, rigar sulke 12, mashi da garkuwa 2, sa mai lafiya shi ma 2. Ke nan takobi ɗaya ya fi kuɗin shanun noma uku. A Norwe, dokar Gulating ta wajabta wa kowane ɗa namiji ya mallaki garkuwa da mashi, sannan takobi ko babban gatari, wanda ya samu. Ba sai an faɗa ba, an san wanda talaka zai ɗauka.

Duk ire-iren gatarin yaƙi da duniya ta gani, tambayoyi biyu ne suka haife su. Ta farko: yaya za a haɗa ruwa da ƙota yadda ba zai fita ba? Ta biyu: me abokin gaba yake sanye da shi? Wanda ya riƙe waɗannan biyun zai iya duban gatari a gidan tarihi ya faɗi irin mutanen da aka ƙera shi domin su.

Ta farkon ta girmi ƙarfe nesa ba kusa ba. Manoman farko da duwatsu suke gatari, suna goge su a kan wani dutsen har su yi santsi da kaifi. Irin waɗannan duwatsu ne ake tsinta a gonaki a ce musu gatarin aradu, a kan cewa tsawa ce ta jefo su. Yarabawa sun danganta su da Shango, manoman Turai ma sun daɗe suna ajiye su a rufin ɗaki don kariya daga tsawa. Kayan sharar daji ne, amma tun da wuri aka juya su kan mutane. A 1983 aka gano wani rami a Talheim da ke Jamus, cikinsa gawarwakin mutum 34, maza da mata da yara, waɗanda aka kashe kimanin shekara 5000 kafin Miladiyya. Ramukan da ke ƙoƙunan kansu sun yi daidai da bakin gizagon dutse da manoman yankin ke aiki da shi, kuma da yawansu ta ƙeya aka same su.

Mafi tsufan gatarin ƙarfe da ya iso mana cikakke, da ƙotarsa da ɗaurinsa, na mutumin nan ne da ake kira Otzi, wanda aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, a iyakar Italiya da Ostiriya, a 1991. Ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. Ƙotar ta kai kusan santimita 60, an sassaƙo ta daga itace mai reshe a karkace, aka tsaga reshen aka cusa ruwan jan ƙarfe, aka liƙe da ƙaron itace, aka naɗe da tsirkiyar fata. Jan ƙarfen daga Tuscany ya fito, ɗaruruwan kilomita kudu da inda ya mutu. Shi kansa kibiya ce ta kashe shi, ta baya, a kafaɗar hagu, kuma wanda ya harbe shi bai ɗauki gatarin ba.

Hanyar Otzi, wato cusa ruwa cikin itace, ita ce har yau ake gani a maƙerun karkara. Maƙeri ya sa wutsiyar ruwan a wuta, yaro na zuga, har ta yi ja wur. Ya ɗauko ta da awartaki ya dasa a kan kumburarren kan ƙota, hayaƙi ya turnuƙe, itacen na ƙara, ya zare ya mayar wuta, ya sake, har wutsiyar ta huda wa kanta mazauni daidai jikinta. Kowane sara ƙara tura ruwan ciki yake. Sauƙi gare ta, kuma ba ta cin ƙarfe. Illarta ita ce duk ƙarfin dukan a kan itace yake sauka, wata rana kan ƙotar ya tsage. Hanya ta biyu akasin wannan ce: a yi wa ruwan ƙofa, a zura ƙota a ciki, ƙarfe ya rungumi itace. Ta fi cin ƙarfe da gwaninta, amma tana jure duka a kan abu mai tauri. Tsakanin shekara 2900 da 2300 kafin Miladiyya, mutanen arewacin Turai sun riƙa binne mazajensu da gaturan dutse masu ƙofa, waɗanda aka huda da bututun ƙashi ko na itace da yashi da ruwa. A jikin wasu har an sassaƙa ɗan layin da zubin ƙarfe ke bari. Wato mai dutse ya ga na jan ƙarfe a hannun wani, ya yi sha'awa, ya kwaikwaya har da tabon.

Inda tambaya ta biyu ta fi fitowa fili shi ne tsakanin Masar da Sumar, a kudancin Iraƙi ta yau. Akwai wani allon dutse da Sarki Eannatum na birnin Lagash ya sa aka sassaƙa wajen shekara 2450 kafin Miladiyya, don murnar nasara a kan birnin Umma. Sojojin da ke jikinsa kowa da kwalkwali, sun jeru a bayan manyan garkuwoyi. A kaburburan sarakunan Ur an tono kwalkwalin jan ƙarfe a kan ƙoƙunan kan dogarai. Kan da ke cikin ƙarfe ba ya jin kulki, kuma gatari mai faɗin baki zamewa yake a kansa. Saboda haka maƙeran Sumar suka tsuke bakin gatari, suka tsawaita shi, suka yi masa ƙofa ta tagulla. Aikinsa ya tashi daga yanka ya koma huda.

Masarawa kuwa sun shafe fiye da shekara dubu bayan haka suna ɗaure ruwan gatari a jikin ƙota da ɗanyar fata, wadda in ta bushe take tsukewa. Bakin nasu mai faɗi ne, wani rabin da'ira, wani dogo mai ƙafa uku da ke shiga ƙota. Akwai masu ganin wannan a matsayin ci baya. Ni ban ga haka ba. Mutanen da suka gina dala ba ƙofar gatari ce za ta gagare su ba. Abokan gabarsu na Nubiya da Libiya ba sa sa sulke, kuma ga jikin da ba komai a kansa, baki mai faɗi ya fi ɓarna. A ƙasar Sham, inda ake sa kariya, bakin ya yi ta tsukewa har ya zama wanda masana ke kira bakin agwagwa, mai taga biyu a jikinsa don rage tagulla. Sai da Hyksos, mutanen Asiya, suka mulki arewacin Masar, yaƙi ya zama na keken doki da sulke, sannan gatarin Masar ya rame ya yi tsawo. Ana ganin sabon samfurin a gatarin da aka samu a 1859 cikin kayan Sarauniya Ahhotep, mai ɗauke da sunan Fir'auna Ahmose wanda ya kori Hyksos wajen 1550 kafin Miladiyya. An lulluɓe shi da zinariya, amma har a lokacin ɗaure shi aka yi.

Ƙasar Sin ta bi tata hanyar. Babban makamin zamanin daular Shang da Zhou shi ne wanda suke kira ge: wuƙar tagulla da aka kafa a gicciye a kan sanda, ana sara da tsininta, a kuma janyo mutum da ita daga kan keken doki. Daga baya aka ɗora masa mashi a kai, ya zama yana suka yana sara. Gatari mai faɗi, yue, na sarauta ne da zartar da hukunci. A 1976 aka buɗe kabarin Fu Hao a Anyang, matar Sarki Wu Ding, wadda ta rasu wajen 1200 kafin Miladiyya. Rubuce-rubucen zamaninta sun nuna ta jagoranci rundunar mutum 13,000. Cikin kayanta akwai manyan gatura biyu, ɗaya ya kai kusan kilo 9. Babu mai shiga daga da kilo 9 a kan sanda. Na nuna iko ne, a ɗauke shi a gabanta kowa ya san wa ke da ikon kisa.

Wannan ya kawo mu ga gatari mai baki biyu, wanda masu shirya fim suke mutuwar so. A tsibirin Kirit na Girka an sami irinsa da yawa daga zamanin tagulla, amma da yawansu a wuraren bauta, wasu na zinariya ne 'yan mitsi-mitsi, wasu faifan tagulla ne marar kauri da ba zai sari ko kara ba. Baki na biyu nauyi ne kawai a wurin mayaƙi, tunda da baki ɗaya ake sara a lokaci guda. Wanda ke da sauran ƙarfe gara ya yi guduma ko tsini a bayan, su yi masa aikin da bakin ba ya yi. A Rum ma gatari na hukuma ne. Dogarai 12 ke tafe gaban babban mai mulki, kowanne da damin sanduna da gatari a tsakiya, kuma in sun shigo cikin ganuwar birni sukan cire gatarin, domin a nan ɗan ƙasa yana da damar ɗaukaka ƙara kafin a kashe shi. Sojan Rum da gajeren takobi da mashin jifa ya ci duniya, gatarinsa na gina sansani ne.

Waɗanda suka gaji Rum a ƙasar da ta zama Faransa, mutanen Frank, jifa suke da nasu. Ƙotar gajeriya ce, ruwan ya lanƙwasa sama. Marubucin Rumawa Procopius ya bayyana rundunar Sarki Theudebert da ta shiga Italiya a 539: dakaru kowa da takobi da garkuwa da gatari ɗaya, in an ba da alama sai su jefa gaba ɗaya, su bi bayan jifar a guje. Gatarin da aka jefa juyawa yake a iska, don haka sai a wata tazara bakin ke sauka daidai. Amma ba daidaito ake nema ba. Ana so ne a farfasa garkuwoyi, a rikita sahu na ɗan lokaci kafin takubba su iso. Gregory na Tours ya ba da labarin Sarki Clovis bayan cin Soissons a 486. Wani limamin coci ya roƙi a mayar masa da wata tukunya mai daraja daga cikin ganima, sarki ya nemi a ba shi ita bayan rabonsa, sai wani soja ya ɗaga gatari ya sare ta, yana cewa ba mai ɗaukar abin da ƙuri'a ba ta ba shi ba. Clovis ya haɗiye. Bayan shekara, ranar duba kayan yaƙi, ya tsaya gaban mutumin, ya kushe makamansa, ya fizge gatarinsa ya yar. Da sojan ya sunkuya ɗauka, sarki ya raba masa kai biyu da nasa.

Ba inda ƙirar gatari ta kai gwaninta irin ƙasashen 'yan Viking. Suna da wanda ake kira mai gemu: ƙasan bakin ya zarce ya sauko, ya bar fili tsakaninsa da ƙota. Da wannan dabara ana samun dogon kaifi da ɗan ƙarfe, ana iya riƙe ƙotar can bayan bakin don sassaƙa, a yaƙi kuma a maƙalo gefen garkuwa a janye ta ƙasa, na kusa da kai ya soka mashi a kafar da ta buɗe. Jikin ruwan baƙin ƙarfe ne mai taushi, wanda ba ya tsagewa, sai a tsaga bakin a saka siririn ƙarfe mai tauri, a haɗe su a wuta da guduma. Mai tsadar yana inda ake bukatarsa kaɗai.

Daga ƙarni na 10 sai ga babban gatari na hannu biyu da ake dangantawa da mutanen Denmak. Ƙota ta kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, baki santimita 20 zuwa 30, amma a bayan kaifin ƙarfen ya sirance har ya kusa milimita 2 a wasu, duk nauyinsa tsakanin kilo ɗaya da biyu. In dai kama ce, ya fi kusa da faffaɗar wuƙar mahauci da aka ɗora a kan sanda. Ba a saran itace da shi, bakin zai lanƙwashe, nan kam dole a riƙa sara ana duban bakin gatari. Shi ne makamin dogaran Sarki Harold na Ingila a yaƙin Hastings, ranar 14 ga Oktoba 1066. Dogon ƙyallen nan na Bayeux, mai kusan mita 70, wanda aka yi wa aikin allura da labarin yaƙin, ya nuna ɗayansu ya sauke gatari a kan dokin Banormande. Ya kuma nuna raunin makamin ba tare da niyya ba: mai hannu biyu a kan ƙota ba shi da hannun riƙe garkuwa, ga kuwa maharba a gabansa. A Ƙustantiniyya, tun daga 988 da Vladimir na Kiev ya aika wa Sarki Basil na Biyu mayaƙa 6,000, sarakunan Rumawa suka riƙe rundunar dogarai 'yan arewa, marubutansu na kiran su masu ɗauke da gatari. Bayan Hastings Ingilishi da yawa da suka rasa ƙasa can suka nufa neman aiki.

Sulken zobe yana hana yanka amma ba ya hana karaya, don haka gatari mai faɗi ya ci kasuwarsa muddin shi ake sawa. Daga ƙarni na 14 manyan Turai suka fara rufe jiki da faifan ƙarfe, sai abin da ya faru a Sumar ya maimaita kansa. Bakin ya ƙanƙance, aka sa guduma mai haƙora a baya, tsini a sama, wani tsinin a gindin ƙota, aka kuma shimfiɗa siraran ƙarafa biyu a jikin ƙotar daga kai zuwa ƙasa don kada a sare ta. Ba banza aka yi wannan ƙarin ba. A Bannockburn a 1314, wani barden Ingila, Henry de Bohun, ya hango Sarki Robert Bruce na Sikotilan a kan ƙaramin doki, ya sukwano da mashi. Bruce ya goce, ya miƙe a kan likkafa, ya raba masa kwalkwali da kai da sara ɗaya. An ce da hakimansa suka yi masa faɗan ganganci, abin da ya dame shi kawai ƙotar gatarinsa da ta karye.

Manoman Suwizalan sun ɗauki wannan tunani suka ɗora shi a kan sanda mai kusan mita biyu: baki na sara, tsini na suka, ƙugiya ta janyo mahayi ƙasa. Da shi suka ragargaza dawakin Leopold na Ostiriya a Morgarten a 1315. A Nancy a 1477, Charles mai mulkin Burgundy, an tsinci gawarsa bayan kwana biyu da kai a tsage da irin wannan makami. Dogaran Fafaroma 'yan Suwizalan, da aka kafa a 1506, har yanzu shi suke riƙewa a bakin ƙofa.

Mahayin doki bukatarsa daban. Hannu ɗaya na kan linzami, don haka yana son abu gajere, marar nauyi, da zai rataya a sirdi ya zaro in an cakuɗe, mashi ya zama ba shi da amfani. Herodotus ya ambaci mutanen Saka na tsakiyar Asiya cikin rundunar Farisa da gatarinsu sagaris, siriri mai tsini a baya. Irinsa ne tabarzin na Farisa da Indiya, gatarin sirdi, wanda wani lokaci har ƙotarsa ta ƙarfe ce. Nadir Shah, wanda ya mulki Farisa daga 1736 zuwa 1747 ya kuma washe Delhi, an san shi da riƙe gatari. Mamalik na Masar, da suka yi mulki daga 1250 zuwa 1517, suna da rundunar masu gatari da ke kewaye sarki in ya fito, ruwan gatarinsu mai siffar jinjirin wata, an rubuta sunan sarki a kai da zinariya. Darwishan Farisa ma sukan rataya shi tare da ƙoƙon bara. A kudancin Afirka, Basotho na Sarki Moshoeshoe sun koyi hawa a ƙarni na 19, suka haɗa bindiga da mashi da gatari mai sauƙi. A Berea a 1852 suka afka wa mahayan Ingila da ke kora shanun da suka kwaso, suka yi musu ɓarnar da ta sa Janar Cathcart ya karɓi tayin sulhu ya juya. Gaturan Songye na Kwango, masu fuskokin mutane a jikin ƙarfen da ƙota naɗe da jan ƙarfe, su kuma na sarakuna ne, ba na daga ba.

A ƙasar Hausa akwai barandami, har yau ana ganin sa a hannun mafarauta da 'yan tauri, amma bai taɓa zama uban makamai ba, kuma dalilin yana cikin kayan da ake sawa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi, wanda ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, an yi shi ne don kibiya, musamman mai dafi, wadda ƙwarzane kaɗan ya isa. Abu ne mai laushi da kauri, yana shanye duka maimakon ya tsage, kuma rauninsa nauyi ne da zafi da wuta. A fili mai faɗi inda doki ke da wurin sukuwa, mai gatari a ƙasa sai ya tsallake kibau da masu kafin ya kai ga mahayi. A Tabkin Kwatto a 1804, maharban jama'ar Shehu ne suka karya dawakin Gobir. Baka da mashi da takobi suka riƙe fagen, gatari da kulki na lokacin da aka haɗu gaba da gaba ne.

Bindiga ba ta kashe gatari nan take ba, sai da ta fara mayar da shi bara. Sojojin bindiga na Rasha da Ivan na Huɗu ya kafa wajen 1550 suna ɗauke da wani dogon gatari mai faffaɗan baki, suna kafa gindinsa a ƙasa su ɗora bindiga a kai su harba, in abokan gaba sun iso su sara da shi. Da aka fara ɗaura wuƙa a bakin bindiga a ƙarshen ƙarni na 17, soja ɗaya ya zama maharbi kuma mai mashi, sulke kuma an riga an tuɓe shi tunda harsashi na huda shi. Abin da aka ƙera gatarin yaƙi ya fasa ya ɓace daga fili. Ya saura a hannun sajan a matsayin alamar muƙami, da jiragen ruwan yaƙi inda ake yanke igiyoyi da shi, da masu share wa runduna hanya, irin masu gemu da rigar fata da ke wucewa da gatari a kafaɗa a faretin 14 ga Yuli a Paris. Ya kuma saura a tambarin Norwe, a hannun zaki, don tunawa da Sarki Olaf da aka kashe a Stiklestad a 1030.

A wuri ɗaya ne gatari ya sami sabuwar rayuwa a zamanin bindiga, wato dazuzzukan Arewacin Amurka. Tomahawk, wanda kowa ke ɗauka makamin gado ne na 'yan asalin ƙasar, ruwansa na ƙarfe daga Turai ya zo. Kafin zuwan Turawa da kulki da dutse suke yaƙi. 'Yan kasuwar Faransa da Holan da Ingila suka riƙa kawo ƙananan gatura suna musanya da fatun dabbobi. A daji mai duhu, inda ba sulke, inda bindigar lokacin harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura ta, ƙaramin gatari a ɗamara ya fi takobi amfani, har Turawan da ke zaune a bakin dajin su ma suka ɗauka. Daga farkon ƙarni na 18 maƙera suka fara yi masa kan lofe a baya, su huda ƙotar tun daga sama har ƙasa, ya zama ana shan taba da shi, kuma irin wannan gwamnoni ke ba shugabannin ƙabilu kyauta wajen ƙulla yarjejeniya. Sai dai mutanen da suka dogara da ƙarfen ba su da maƙera. Faransa da Ingila suka shiga gasar tura maƙera su zauna a garuruwan Iroquois suna gyara gatura da bindigogi, su kuma shugabannin Iroquois, in an zauna taro da jami'an Ingila a Albany, sukan sa batun a aiko musu da maƙeri cikin bukatun da suke gabatarwa.